Gawayin da Ya Cinye Muryar Jagaba

Da sunan Wanda ya halicci murya, ya halicci iskar da ke ɗaukarta, ya kuma halicci kunnen da take sauka a ciki. Ni ne Nomau ɗan Arzika, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya a bayan Tekun Toka, ya sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna. Ku matso ku ji abin da ya sami yayana Shekarau a Farar Shimfiɗa. Ina faɗa muku tun yanzu, ba da sanyin rai zan ba da labarin nan ba, domin har yau in na tuna shi zuciyata tafasa take yi.

A ƙasashen can babu titi, babu turakun waya. Ayarin motocin ƙarfe ne ke ratsa daji, kowace mota da oba-obarta, wato akwatin da direba ke magana a ciki 'yan'uwansa su ji shi daga nesa, da kuma eriya, siririyar sandar ƙarfe da ke tsaye a kan rufi. Mahaifinmu gyaran waɗannan akwatuna ne sana'arsa. Yaya Shekarau ya zaɓi tuƙi ya bi ayari, ni kuwa na zauna a rumfa ina kallon akwatunan da ake kawowa a ƙone, ina tambayar me ke ƙona su. Baba ya ce zafin rana ne. Ban yarda ba, don na ga wanda ya ƙone da tsakiyar damina. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, na ɗaure kayana na fita neman amsa.

Shekara biyu ina tafe kafin na isa Dutsen Maimaici. A gindinsa akwai kogo, wanda duk maganar da ka yi a bakinsa sai ta dawo ta mare ka a kunci, mari na gaske mai barin shaida. Masu ashar ba sa daɗewa a wajen. Wata tsohuwa ce ke zaune a can, Gwoggo Lantana, wadda aka ce ta san sirrin murya. Na gaishe ta da ƙarfi don a zatona ba ta ji sosai, gaisuwar ta dawo ta kusa kayar da ni.

"Ka ji ta ko, ɗan nan?" in ji ta, tana dariya har da hawaye. "To abin da ke samun akwatunan ubanka ke nan. Ba rana ke ƙona su ba, muryarsu ce ke dawo musu."

Wata tara na yi ina ɗebo mata ruwa tana koya mini. Ta ce an ƙera akwatin ne ya tura murya cikin hanya mai turjiya hamsin, ba ƙari ba ragi. Wayar da ta fito daga cikinsa ma hamsin ce. In eriya ta tare shi da hamsin, murya ta fice gaba ɗaya ta tafi inda aka aike ta. In kuwa ta tare shi da wani abu dabam, sai wani kaso ya juyo ya koma cikin akwatin ya zama zafi. Abin da ke daidaita eriya kuwa tsawonta ne: kamu shida ba yatsa uku. Ta ba ni ma'auni mai allura guda, ta nuna mini karatunsa. Allura a kan ɗaya, murya ta fita duka. A kan biyu, da dama-dama. Ta kai uku ta shiga ja, ka rufe bakinka ka gyara. Ta koya mini in auna a fili, nesa da gini, ƙofofin mota a rufe. Tunda akwatin tashoshin magana arba'in gare shi, in auna a tasha ta ɗaya, in auna a ta arba'in: in allura ta fi tashi a ta arba'in eriya ta yi tsawo, in ta fi tashi a ta ɗaya ta yi gajarta. In kuma zan yanke, kada in wuce tsawon ƙwayar wake a yanka guda.

Ranar da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ka riƙe wannan, Nomau. Eriyar gaskiya kwanciya take yi a tsakiya, ta ɗan tashi a gefe da gefe. In ka ga allura ta kwanta shame-shame a tashoshi arba'in ba ta ko motsi, to wani ya ɓoye wani abu."

Daga can na faɗa ƙasar Gungumawa, inda wani tsauni ke fizge duk wani baƙin ƙarfe, har sai da mutanen suka koma ƙera motocinsu da katako da tagulla. Shugabansu ya ce in gyara masa eriya. Na auna, na yanke, na sake aunawa, allura ta kafe a ja kamar an buga mata ƙusa. Aka ce baƙo ya lalata eriyar shugaba, a kai shi kogi a ba kadoji. Muna kan hanyar kogin ne na tuna cewa a kogon Gwoggo kullum a kan tsohon rufin mota muke gwaji. Ashe sandar rabin eriya ce kawai, sauran rabin jikin motar ne, katako kuwa ba ya wannan aiki. Na ce a bar ni da rai zuwa azahar, a kuma tara mini farantan tagulla na matan gari. Na buga su a rufin motar gefe da gefe, na haɗa su da gindin eriya, allura ta sauko kamar ta ji kunya. Matan ba su yafe mini farantansu ba, amma kadojin sun wuni da yunwa. A wannan ƙasa ne kuma, saboda rassan kurmi da ke karya dogayen sanduna, na koyi naɗe waya a gindin gajeriyar eriya, naɗin ya biya mata tsawon da ta rasa.

Bayan shekara bakwai da barina gida, labari ya iske ni cewa Yaya Shekarau ya zama jagaban ayarin Birnin Tsinaye. Hankalina ya tashi, domin na ji yadda jagabansu ke ƙarewa. Birnin yana bakin Farar Shimfiɗa ne, fili na gishiri da kanwa wanda ake kwana huɗu ana ratsawa. Samansa ɓawo ne busasshe, wani wuri mai kauri, wani wuri bai fi kaurin kwano ba, a ƙarƙashi kuwa ruwan kanwa ne mai cin nama. Aikin jagaba ya wuce gaba da tafiyar awa guda, yana gwada ƙasa yana kafa jajayen tutoci, ayari na bin su. A shekara bakwai jagaba uku suka nutse, babu wanda aka ji kiransa. Mutanen birnin suka ce Shimfiɗa ce ke cin murya, haka Allah ya yi ta.

Na shiga birnin ana gobe ayari zai tashi, na iske kowa a Dandalin Awo. Abin da na fara gani ya sa na tsaya baki buɗe. A Birnin Tsinaye ba aiki ke yanke tsawon eriya ba, muƙami ne. Ta madugu kamu tara ce, da ƙwallon zinariya a kai. Manyan fatake bakwai da rabi. Jagaba huɗu. Masu ɗaukar ruwa uku. Kamu shida kuwa na wata sarauta ce da ta mutu tun zamanin kakanni, an haramta wa kowa ɗaga shi. Tsawo ɗaya tak da ke aiki, shi suka binne!

Na ce a raina, ai kuwa yau zan ga allura ta sha ja. Sai ga Sarkin Awo Dogara, wani ƙosasshen dattijo mai zobba, yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya da ma'auninsa. Kowace eriya akwai ɗan tulun tagulla a gindinta, an liƙe bakinsa da kakin zuma an buga hatimin gidansu. Ya jona ma'auni, direba ya danna maɓalli ya yi magana, allura ta kwanta a kan ɗaya. Mai kamu tara, ɗaya. Mai kamu huɗu, ɗaya. Sannan Madugu Jatau ya kira sunan kowa a oba-oba, kowa ya amsa, jama'a suka yi guɗa. Ba wanda ya lura cewa duk motocin ba su fi jifan dutse tsakaninsu ba, ko da baki ya kira za su ji.

Na kutsa na ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Awo, a taimaka a juya zuwa tasha ta arba'in." Ya dube ni sheƙeƙe ya juya. Allura ba ta motsa ba. Aka koma ta ɗaya, ba ta motsa ba. Na kai yatsa na taɓa tulun motar da aka gama gwadawa, na janye da sauri, don ya ƙona ni.

Da azahar na ja Yaya Shekarau bayan gari. Ko gama gaisawa ba mu yi ba na sa wuƙa na ɓalle kakin tulunsa. Abin da na yi zato shi na gani. Wayar da ta fito daga akwati ba ta ma taɓa sandar eriya ba. A jikin wani baƙin dunƙule aka ɗaure ta, mai girman dabino.

"Mene ne wannan, Nomau?" in ji shi.

"Gawayin gwaji ne, Yaya. Turjiyarsa hamsin cif. A rumfa ake jona shi in ana son gwada akwati ba tare da an dami kowa ba. Duk muryar da aka ba shi shanyewa yake yi ya mai da ita zafi. Allura ba ta ga komai ya dawo ba, sai ta kwanta. Amma kuma babu abin da ya fita, sai ɗan yoyon da bai wuce dandali ba."

Ya daɗe yana juya abin a tafinsa. Sannan ya zauna a ƙasa, ya ce, "Ke nan Mati ya kira." Mati amininsa ne, jagaban da ya gada.

"Ya kira, Yaya. Muryarsa ba ta wuce rufin motarsa ba."

Na ce mu sa kamu shida ba yatsa uku a huta. Ya girgiza kai. Jagaban da ya ɗaga eriya sama da matsayinsa, a ranar ake tuɓe shi, a naɗa wani wanda zai tafi da gawayi a tulu. To, sai na yi masa irin na Gungumawa. Na naɗe wayar tagulla cikin tulun nan, na haɗa ta da sandar, na kankare fentin da ke ƙarƙashin gindin har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Muka rufe ƙofofi na auna. Ɗaya da rabi a tsakiya, ta ɗan tashi a gefe da gefe. A ido kamu huɗu ce, a aiki kuwa shida. Amma mai kira ba ya tsira sai da mai ji, kuma akwatin madugu kurma ne. Na ɗauki gawayin na nufi zaurensa, ina ganin kowa zai gode mini. Wauta ke nan irin ta wanda ya daɗe a daji.

Madugu Jatau ya saurare ni har na gama. Ya dubi Dogara da ke zaune a gefensa.

"Ranka ya daɗe," in ji Dogara, ko gezau bai yi ba, "kafin zamanin kakana akwatuna ƙonewa suke yi a garin nan kamar ƙirare. Shi ya kawo wannan ƙwaya, ƙonewa ta tsaya. Shekara sittin ba a ƙona ko ɗaya ba. Allura kuma kowa ya gani da idonsa. Wace shaida ake nema bayan allura?"

"Sun daina ƙonewa ne don sun daina magana!" na ce. "Mutum uku sun nutse suna kiranku!"

Madugu ya ɗaga hannu. "Baƙo, kamu nawa ka ce ya kamata?"

"Shida ba yatsa uku, ranka ya daɗe."

"Ga wa?"

"Ga kowa."

"Ga kowa?" Ya gyara zama. "Ni da mai ɗaukar ruwa, tsawo ɗaya?"

Wallahi ban ga fuskarsa ta canza ba lokacin da na ambaci mutum ukun nan. A kan wannan kalma ta canza. Aka yanke mini hukuncin keta hatimi da raina muƙamai: za a ɗaure ni a motar ruwa, a ƙetare da ni, a yar da ni a ɗaya gaɓar. Dogara ya karɓi ma'aunin Gwoggo Lantana ya ajiye a ƙasa, ya ɗora masa diddige. Ina jin ƙarar gilashin har yanzu. Sa'ar da na yi ɗaya ce, ban faɗi tulun wa na buɗe ba, Yaya kuma ya riga ya mai da kakinsa.

Motar ruwa ita ce ta arba'in kuma ta ƙarshe a jeri. Mai tuƙa ta wata mace ce doguwa mai kaifin harshe, Kyauta. A rana ta biyu da hantsi ta dube ni ta ce, "Kai ne ka ce Shimfiɗa ba ta cin murya?"

"Ni ne, Yaya Kyauta."

"Mati mijina ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Sun ce mini bai kira ba. Sun ce wataƙila barci ya kwashe shi a kan sitiyari. Shekara uku ina jin haushin mamaci."

Na dubi eriyarta ta taga, na ga babu tulu. Ta ce Sarkin Awo ba ya sunkuyawa gaban motar ruwa. Masu ruwa an hana su magana a oba-oba, don akwatinsu ƙonewa yake yi, saurare kawai aka bar musu. Ashe raini ya bar ta da eriyar gaskiya ita kaɗai a duk ayarin, a kan tankin ƙarfe wanda ya fi kowane rufi faɗi. Na ce ta kwance ni in nuna mata wani abu.

Da aka tsaya hutun azahar, ta ba ni waya daga wani mataccen famfo, ta karya mini guntun muciyarta in naɗa a kai, in biya wa eriyarta mai kamu uku tsawon da ta rasa. Ma'auni babu, sai kunne. Amma na san al'adar jagaba ce ya faɗi halin hanya a duk tutar da ya kafa, ko da shekara sittin ke nan ba wanda ke ji. Na kankare tsatsa, na yi naɗi goma, muka saurara. Shuu kawai. Na ƙara uku. Can ƙasa muka ji wani abu kamar kukan sauro. Na ƙara ɗaya, ya zama murya. Na ƙara ɗaya, ta ƙara fitowa. Na ƙara wani, ta ja baya, sai na warware shi. Muka jira tuta ta gaba.

"Madugu, madugu, jagaba ne. Tuta ta goma sha ɗaya. Ƙasa mai kauri ce, a biyo dama."

Kyauta ta dafe baki da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsine wa gidan Sarkin Awo tun daga kakansa, ni kuma na ce amin a kowace gaɓa.

A rana ta uku, rana ta ɗaga sosai, kiran ya zo. "Madugu, madugu, jagaba ne! Ƙasa ta fashe gaban tuta ta goma sha bakwai. Mota na nutsewa. A kawo katakai da igiya. Nomau, in kana ji na, ka yi sauri."

A dokar ayari, babu motar da ke wuce ta gabanta, balle ta madugu. Kyauta ba ta ko tambaye ni ba. Ta karya kan motar ta fita daga layi, ta taka ta har ƙasa. Muka wuce fatake suna zaginmu, ruwa na tambal-tambal a tanki, muka sha gaban motar madugu, ta gindaya tata a hanya.

Ku ji abin da ya faru, ku gaya mini in ba ni da dalilin fushi. Na diro ina ihu cewa jagaba na nutsewa. Madugu ya fito a hankali, ya sa aka shimfiɗa masa darduma a inuwar mota. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ba mai ruwa izinin wuce shi. Abu na biyu, wa ya kwance ɗaurarre. Aka kira manyan fatake su zauna. Muryar Yaya tana fitowa daga motar Kyauta, kowa na ji, yana cewa ruwa ya kai kujera.

"Ranka ya daɗe," in ji Dogara, "akwatin da ba shi da hatimi, me ba zai kama ba? Mutanen ɓoye na Shimfiɗa ne ke kwaikwayon murya don su ja mu rami. In da jagaba ne, ai a akwatinka zai fito."

Madugu ya ga hakan magana ce. Ya hau motarsa ya danna, ya yi ta kira: "Jagaba, kana ji? Jagaba, amsa." Ya kira ya fi sau talatin, allura kwance a kan ɗaya, kyakkyawa. Ya leƙo ya ce, "Kun gani? Shiru."

A daidai nan muryar Yaya ta yanke a tsakiyar kalma, ruwa ya kai ga batir.

Ban san lokacin da na fizgi guduma daga motar Kyauta ba. Na haye rufin madugu, na rafka wa tulunsa bugu biyu, ya dare. Ya miƙo hannu zai kama ƙafata, na karkaɗe masa gawayin a tafi. Kiransa talatin duk suna cikin dunƙulen nan. Ya yi ƙara ya yarfe hannu, fata ta tashi nan take.

"Muryarka ce, ranka ya daɗe!" na ce. "Ga inda ta tsaya. Nan ta Mati ta tsaya, nan ta sauran biyun!"

Madugu ya dubi tafinsa, ya dubi Dogara, sannan ya ce a sauke katakai. Awa guda cur muka ɓata a kan dardumar nan.

Mun same shi gaban tuta ta goma sha bakwai. Motar ta ɓace gaba ɗaya. Yana tsaye a kan rufinta a ƙarƙashin ruwa, kanwa ta kai masa cinya, ya rungume sandar eriyar da hannu biyu don kada ya zame. Muka jera katakai, na rarrafa na ɗaura masa igiya, aka ja. Kyauta ta buɗe tankinta ta yi ta kwarara masa ruwan shan ayari a ƙafafu, wani bafatake ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi sau ɗaya ya rufe. Ran Yaya ya tsira. Ƙafafunsa daga gwiwa zuwa ƙasa ba su tsira ba. Mai maganin ayari ya ce da an ciro shi awa guda kafin nan, da fata kawai zai rasa.

Kuna zaton da aka koma gida an tuɓe Dogara? Majalisar birni ta zauna kwana uku. Ta amince cewa lalle kamu shida ba yatsa uku shi ne tsawon da ke aiki, saboda haka daga ranar ya zama tsawon madugu, shi kaɗai. Kowa kuma a rage masa nasa daidai matsayinsa, don kada a rasa bambanci. Jagaba ya koma kamu biyu da rabi. Aka ba Dogara aikin yankan, tunda shi ne Sarkin Awo, da izinin ci gaba da sa wa na ƙasa ƙwayar kakansa don kada akwatunansu su ƙone. Madugu ya sami kunne, aka bar jagaba ba baki. Ni aka kore ni saboda fasa tulu, Kyauta aka kore ta saboda wuce madugu.

Ba mu yi nisa ba. Taku goma bayan dutsen iyakar birnin, a bakin Shimfiɗa, akwai wani tudu, can muka kafa motar ruwa. Na ƙera wani ma'aunin, bai kai na Gwoggo ba amma ba ya ƙarya. Ba a yi mako ba sabon jagaba ya zo da rana tsaka, da tulunsa ɓoye cikin riga, ya ce yana da 'ya'ya huɗu. Na naɗa masa waya a ciki. Bayansa wasu suka biyo, ɗaya-ɗaya, kowa na waige.

A kan tankin akwai eriya mai kamu shida ba yatsa uku, kuma babu majalisar da ta isa ta taɓa ta. Duk ranar da ayari ya shiga Shimfiɗa, da sassafe nake ɗaukar Yaya Shekarau a baya in ɗora shi a kujerar gaba, Kyauta ta loda katakai da igiya. Ba ya cin abinci sai a wajen, ba ya yarda a yi hira kusa da shi. In jagaba ya kafa tuta ya faɗi halin hanya, madugu ba ya amsawa, wai ba girmansa ba ne. Sai Yaya ya danna ya ce, "An ji ka, ɗan'uwa. Ci gaba, ana jin ka."

Nan na sauke kayan labarina, ba don ya daina yi mini nauyi ba. Gawayin madugu, da na tsinta a ranar, yana aljihuna, wanda ya yi musu ya zo ya gani.